Hantar Kifin Babanku

Mama: Halo? Auta? Kina jina?

Auta: Ina jin ki, Mama. Ina wuni?

Mama: Lafiya lau. Ya gida? Ya maigidan naki?

Auta: Lafiya ƙalau, yana gaishe ki. Ya ƙafar taki?

Mama: Da sauƙi. Ya jikokina? Tarin ƙaramin ya tafi?

Auta: Ya tafi, har ya koma makaranta. Ya Baba da jiki?

Mama: Hmm.

Auta: Mama? Na ce ya Baba?

Mama: Wane Baban? Baban kifi?

Auta: Baban wa? Layin yana yankewa.

Mama: Na ce baban kifi! Ai ku yanzu ba ku da uba, shak ya ƙwace muku shi.

Auta: Shago? Baba ya buɗe shago?

Mama: Shak nake ce miki! Ɗan kifin tekun nan mai zane-zane da ya saya bayan ya yi ritaya, ya dasa mana akwatin gilashi a falo har sai da aka fitar da doguwar kujerata.

Auta: Au, shi. To me ya yi kuma?

Mama: Shi me zai yi, abin da ke kwance a ƙasan ruwa kamar tsumman goge-goge? Babanku ne. Kin san likita ya ce jininsa ya hau, ya bar mai, ya rage gishiri, ya riƙa cin dafaffen kifi da ganye.

Auta: Na sani, ai ni na kai shi asibitin.

Mama: To da safe na tafi kasuwa da wannan ƙafar, na zaɓo masa kifin teku mai kyau, na wanke na ajiye a firji. Na shiga wanka. Ina fitowa na tarar da shi a kicin da wuƙata, ya yanka tsokar ƙanana-ƙanana, yana cusa ƙwayar bitamin a ciki.

Auta: Don ya ci?

Mama: Don uban gidansa ya ci! Ya soke a dogon tsinke, ya zura hannu a ruwa yana lallashi, wai "ci mana, yarona." Ni kai da ƙaya ya bar min.

Auta: Kai, Baba!

Mama: Kar ki yi min dariya, Auta, raina a ɓace yake. Firizata rabi jatan landen da yake ba kifin ne, ba mai taɓawa. Rannan na jefa wa kifin 'yar fatar kaza, don tausayi, mutumin nan ya kusa tara min maƙwabta. Wai kitse zai lalata masa hanta, wai ba a ba shi abinci kullum, kar ya yi teɓa.

Auta: To ai Mama, haka aka ce ana kiwonsu.

Mama: Ban ce ƙarya ba ne! Shi Babanku fa, ba shi da hantar? Gishirin ruwan kifi yana da abin awo, sai ya sa tabarau ya duba. Amma nasa gishirin da tafin hannu yake barbaɗawa. Maganin hawan jininsa kuwa yana kan talabijin, ko ledar bai ɓare ba.

Auta: Innalillahi! Bai sha ba? Mama, wannan ba abin wasa ba ne. Likita ya ce in aka yi sake zai iya shanye masa ɓarin jiki.

Mama: Shi ya sa na kira ki. Kuma ɗazu zan wanke rigarsa, na laluba aljihu, sai ga soyayyen nama a takarda, mai har ya huda aljihun.

Auta: Ba ni shi mu yi magana.

Mama: Ya fita siyo wa ɗan gata auduga ta tace ruwa. Tsaya... ga ƙarar ƙofa nan. Kar ki kashe.

Auta: Me za ki yi? Na ji kina jan wani abu.

Mama: Murfin akwatin na buɗe. Sannu da zuwa, Baban yara! Ka gane wannan naman? E, naka ne. Tsaya nan inda kake, ka ƙara taku ɗaya in sake shi a ruwan.

Auta: Mama!

Mama: Daga yau abin da ka ci, shi zai ci. Ka ci soye, ya ci soye. Au, zai kashe shi? To kai me yake maka, ƙiba ta lafiya? Auta, da kin ga idonsa.

Auta: Ki ce masa ina jin komai.

Mama: 'Yarka tana ji. Ga maganinka can kan talabijin, ɓare ka sha a gabana. Ba anjima ba, yanzu. Buɗe bakin in gani. Ɗaga harshe.

Auta: Ya sha?

Mama: Ya sha, yana hararata.

Auta: Alhamdulillahi. To sauke hannun haka nan.

Mama: Ina! Sai ya yi min alkawarin kabeji da... Wayyo! Ya faɗa!

Auta: Baba ya faɗi? Mama! Baba ne?

Mama: Naman ne, mai ya sa ya suɓuce min! Ke, Auta, zo ki ga ikon Allah. Mutumin da likita ya ce ya riƙa tattaki ya ce gwiwa ba ta barinsa, ga shi ya tsallake teburi, ya haye kujera, hannu a ruwa har kafaɗa da agogonsa! Wallahi gobe da sassafe sai ka zagaya unguwar nan da ƙafa, ko in...

Auta: Halo? Mama? Halo?