Takalmin Mudi

A bakin titin Zariya, Gyadi-Gyadi, ana jiran bas, wani lebura ya hango yara suna tamaula a fili, sai ya juya wajen dattijon da ke gefensa.

"Baba, duk cikinsu babu kamar Mudi na Tarauni. Ɗan shekara sha shida, ƙafa ba takalmi, amma sai ya yanke mutum huɗu ko haki ba ya yi."

"Haka ake faɗa."

"Ai da idona na gani! Ranar da babban kulob ya zo gwada shi, wani marar tunani ya sayo masa takalmin ƙwallo zungurere, sai da aka cusa tsumma a ciki. Gudun farko takalmin ya juya, gwiwa ta tafi."

"Wataƙila mai sayen ya ga yaro girma yake yi. Haka muke saya musu komai, har riga da wando."

"Riga daban, Baba! Wannan ya kashe yaro ne da ransa."

Dattijon ya daɗe yana kallon filin.

"Bana takalmin ya yi masa cif-cif," in ji shi. "Jiya na gwada masa, yana zaune a zaure."