Sai Mai Karɓa Ya Iso

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro. Shugabar makaranta da mataimakanta. Mai girma Kanar, wanda ya zo a madadin rundunar soja. Mai girma babban jami'in 'yan sanda na wannan shiyya. Malamai masu daraja, waɗanda wasunku sun zauna a ajina shekarun baya. 'Yan'uwana iyaye maza da mata. Da ku 'ya'yanmu 'yan ajin ƙarshe, waɗanda dominku aka jera kujerun nan: ina yi muku barka da wannan safiya.

Ina godiya ga makaranta da ta gayyace ni, alhali ta san ban taɓa sa kaki ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a jami'a, ban riƙe makamin da ya wuce alli ba. Abu biyu ne suka tsayar da ni a gabanku. Ni uban ɗan sanda ne wanda ya rasu a bakin aiki. Ni kuma uban ɗaya daga cikinku ne, autata, wadda take son shiga soja, take jiran sa hannuna kafin a rufe karɓar masu nema ranar Juma'a. Da izininta na ambaci wannan.

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Maris na bara, an tura babban ɗana, kofur, mai shekara ashirin da tara, ya tsaya a gindin wata gangara, gaban ƙofar wata makarantar firamare. Ma'aikatan ruwa sun haƙa rami a gefe ɗaya na titin don gyaran bututu, saboda haka motoci masu hawa da masu sauka duk hannu guda suke bi, dole sai da mai ba su hannu. Ya kama aiki ƙarfe shida na safe. Ƙarfe biyu na rana ya kamata a karɓe shi. Mai karɓarsa bai iso ba, domin motar da ke rarraba su wuraren aiki an aike ta kotu. Ƙarfe biyu da kwata aka tashi 'yan makaranta. Ƙarfe biyu da minti ashirin da biyar wata tifa ɗauke da yashi ta gangaro, birkinta ya ƙi kamawa, ta same shi a tsakiyar titi, inda aikinsa ya ajiye shi. Likita ya tabbatar da rasuwarsa ƙarfe uku da minti goma. Ban da shi da direban, babu wanda ya ji ciwo.

Wasu sun ce ya ture yara biyu gefe kafin motar ta iso. Wasu sun ce yaran sun riga sun tsallaka. Na saurari mutum biyar da suka ga abin da idonsu, maganarsu ba ta zo ɗaya ba, ni kuwa ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Abin da dukansu suka yarda da shi guda ne: lokacin tashinsa ya wuce, yana nan tsaye.

Mai girma Kanar da babban jami'i sun yi muku bayanin sharuɗɗa da horo da ƙarin girma, sun kuma fi ni sani. Ni abu uku zan faɗa, daga abin da aka gani a gidana.

Na farko: kada ku zaɓa da ma'aunin haɗari, kuma iyaye, kada mu zaɓa musu da shi. Lokacin da ɗana ya gama karatu ya ce ɗaya zai shiga cikin biyun nan, mahaifiyarsa ta zaunar da shi ta ce, "Soja ana tura su inda ko waya ba ta shiga. Ɗan sanda kuwa a gida zai kwana, in ya makara na ajiye masa abincinsa." Magana ce ta uwa, kuma babu uwar da za ta ga aibunta. Ni ma na yi irin tawa, na nemi alƙaluma, na kwatanta wannan da wancan. Sai dai lissafi yana iya gaya maka mutum nawa cikin dubu, ba ya iya gaya maka wane ne. Ƙanin matata ya yi shekara ashirin da biyar a soja, an kai shi fagen daga sau uku, ya dawo gida abin da ya rasa haƙori ɗaya ne, shi ma a kan ƙashin kaza. Ɗana kuwa ya rasu a titin da mahaifiyarsa take bi zuwa kasuwa. Ba ina cewa aikin ɗan sanda ya fi haɗari ba. Ina cewa wanda ya zaɓi aiki don gudun mutuwa ya zaɓa a kan abin da ba ya hannunsa, ya bar abin da ke hannunsa.

Na biyu shi ne wannan abin da ke hannunka, wato sanin halinka. Ayyukan nan biyu kakinsu ya yi kama, rayuwarsu ta bambanta ƙwarai. Soja yana aiki cikin 'yan'uwansa, nesa da gida, a kan umarnin da sau da yawa ba za a gaya masa dalilinsa ba. Ƙanin matata bai ga haihuwar 'ya'yansa biyu ba. Ya taɓa dawowa hutu, 'yarsa ta ruga ɗaki tana cewa, "Mama, ga wani baƙo ya shigo bai yi sallama da kyau ba." Yana ba da labarin yana dariya, amma na lura ba ya ba da shi sau biyu a zama ɗaya. Ɗan sanda kuwa yana aiki cikin mutanen da suka san gidansu. Wanda zai kama yau ɗan maƙwabcinsa ne, wanda zai zage shi gobe ya san sunan kakarsa, kuma sau da yawa shi kaɗai ne a wurin, babu wanda zai juya ya tambaya.

Su biyun nan, kawu da ɗan 'yar'uwarsa, ba su taɓa haɗuwa a falona ba su taɓa juna ba. Kawun zai ce, "Kofur, yau motoci nawa aka ci da yaƙi a shataletale?" Shi kuma ya ce, "Kawu, ku da ko atishawa sai an ba ku oda? Ni yau na shirya mata biyu da suka shekara ba sa gaisawa a kan kwata. Ka gwada yin wannan da igwa." Sai kawun ya ce, "Ka ji ɗan banza, da ni na goya shi."

Wata rana na je ofishinsu kai masa mukullin gida, na same shi da mutum biyu, wani tela da maƙwabcinsa mai aski, suna neman cin wuyan juna a kan ƙarar injin wuta. Bai ɗauki biro ba. Ya zaunar da su a benci ɗaya, ya ba kowa ruwa, ya bar kowa ya faɗi nasa har ya gaji. Na zauna a gefe kusan awa guda ina kallo. A ƙarshe suka raba lokacin kunna injin a tsakaninsu, suka fita mai askin yana tambayar tela ko ya gama masa wandonsa. A nan na ji abokan aikinsa suna kiransa Alƙalin Benci. Da muka fito na tambaye shi, "Don mamanka ka zaɓi aikin nan?" Ya ce, "Baba, bar ta ta ci gaba da zaton haka, yana yi mata daɗi. Ni dai ina son mutum ya shigo yana kumfar baki, ya fita yana neman inda zai sami motar gida."

Wannan shi ne abin da nake riƙe da shi tun bara. Shekara shida ya yi yana aikin da aka halicce shi dominsa. Da tsoro ne ya kai shi, da yanzu ina da baƙin ciki biyu.

Saboda haka, 'ya'yana, kowannenku ya tambayi kansa. Shin kana iya sauraron mutumin da ba shi da gaskiya har ya gama, ba ka ɗaga masa hannu ba? Shin kana iya bin umarnin wanda ka girme shi, ba ka nemi dalili ba? Kana iya zama kusa da gida, danginka suna roƙonka alfarmar da ba za ka yi ba? Kana iya zama nesa da gida, a yi suna a yi jana'iza ba ka nan? Amsar waɗannan tana wurinka, ba ta wurin mahaifinka, ba ta wurin abokinka da ya ce kakin ya yi masa kyau.

Na uku shi ne abin da ayyukan biyu suka haɗu a kai, kuma shi ya fi nauyi: ba a barin wurin aiki sai mai karɓa ya iso. A jami'a, idan lokacin darasina ya cika, na ajiye alli na fita, ko malami na gaba ya zo ko bai zo ba. A kaki ba haka ba ne. Agogo ba ya sallamarka, mutum ne yake sallamarka. Duk wanda ya san ba zai iya wannan ba, ya nemi wata sana'ar, kuma babu abin kunya a ciki.

Wanda ya kamata ya karɓi ɗana ya zo gaisuwa. Kwana uku yana zuwa, yana tsayawa a bakin ƙofar gida, ya kasa shigowa. Rana ta uku na fita da kaina na kamo hannunsa. Ya ce, "Baba, da na sani da na hau babur na taho." Na ce masa, "Ɗana, an ce ka jira mota, ka jira. Shi ma an ce ya jira ka, ya jira. Shigo ka gaida mamanku." A nan nake roƙon manyan nan biyu da ke kan teburi, cikin girmamawa: yaran da za ku karɓa daga wannan zaure za su tsaya inda kuka ajiye su, domin haka za ku koya musu. Ku kuma ku riƙa tuna wanda ke tsaye, ku aika masa mai karɓa a kan lokaci.

Yanzu sai batun autata. Wata uku da suka wuce ta same ni a ɗakin karatu ta ce soja take so. Na ce me ya sa ba aikin yayanta ba? Ta ce, "Baba, ni ba zan iya awa guda ina sauraron faɗan inji ba. A gaya mini abin da zan yi, in yi, in gama." Wanda ya san ta ya san gaskiya ta faɗa; ita ce take tashin gidan gaba ɗaya da asuba, har da ni. Sai ta ce, "Baba, da Yaya ya tafi ƙarfe biyu, da yana raye?" Na ce mai yiwuwa. Ta ce, "Da ka so ya tafi?" Na yi shekara talatin da ɗaya ina amsa tambayoyin ɗalibai, wannan kuwa na ce ta ba ni lokaci. Na ɗauki wata uku. Amsata ita ce: a matsayina na uba, da na so ya tafi, amma da ya tafi ya bar ƙofar makaranta babu kowa a lokacin tashin yara, da ba shi ne ɗan da na sani ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma da su zan zauna har ƙarshen raina.

Mahaifiyarta ba ta zo yau ba. Tun bara ba ta iya zama kusa da mai kaki. Ranar da ta ji maganar soja abu ɗaya ta faɗa: "Na ba da ɗaya, ba zan ba da biyu ba." Babu wanda yake da bakin ce mata ta yi kuskure, ni ma ba ni da shi. A safiyar yau na gaya mata matsayina, cewa na duba halin yarinyar nan na ga inda ya dosa, na kuma amince. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Malam, tashi ka tafi taronka, kada ka makara."

Auta, kin ji nawa a gaban shaidu.

Allah Ya yi wa wannan taro albarka. Allah Ya saka wa malaman makarantar nan da alheri. Allah Ya tsare duk wanda ke tsaye a wurin aikinsa a wannan sa'a, soja ne ko ɗan sanda, Ya mayar da shi gida lafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda ba su dawo ba, Ya sanyaya zukatan iyayensu mata. Ku kuma 'ya'yanmu, Allah Ya nuna wa kowannenku aikin da ya dace da halinsa, Ya ba iyayenku ƙarfin sakin hannunsa.

Abin da ya rage shi ne amsar mahaifiyarta. A safiyar yau ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ni kuma ba zan sa hannu ba sai ta yi magana. Daga nan gida zan koma wurinta.

Na gode.