Ƙananan Doya

A tashar motar Yendi, farkon daminar 1994, wani dattijo mai buhun albasa ya zauna kusa da wata mata mai jiran lorin Salaga.

"Mma, gida za a koma?"

"Gida dai, Baba, abin da wuta ta rage. Tun da aka yi rikicin nan a makaranta muke kwana."

"Allah sarki! Ai mu ne mutanen zangon Bawku da muka zo muna yi muku girki. Kin tuna ranar da aka ci doya har aka ture?"

"Na tuna."

"Ni na sa aka dafa ta. Wani ɗan kasuwa ne ya aiko lori guda, amma duk ƙanana, sun yamushe, har sun fara tsiro. Na ce wannan wace irin sadaka ce? A fere kafin ta lalace!"

"Baba, kuna noman doya a Bawku?"

"A'a, mu gero ne da albasa."

"Shi ya sa. Iri ne aka aiko mana, mu koma da shi mu shuka. Yanzu ga ruwa ya sauka, ga gona, babu abin da za mu sa a ƙasa."

"Innalillahi! To ku da kuka sani, me ya hana ku magana?"

"Tun ana saukewa muka gane, Baba. Amma yara na tsaye da kwanoni a hannu. Ni da kaina na karɓi wuƙa na taya ku ferewa."