Rigar Mama Hannatu da Maganin Gwaji

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Ni ce Saratu, tela a Dutse Uku. Bara zuciyata ta gaji. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, keken ɗinki ma na kasa takawa. In na kwanta sai numfashi ya gagare ni. Ƙwayoyin da nake sha suka daina aiki.

Likita ya ce, "Mama, akwai sabon magani mai buɗa hanyoyin jini, don zuciya ta sami sauƙin aiki. Amma na gwaji ne, ba zan yi miki alkawari ba."

Gwaji! Na ce a kai kasuwa. Ni da kullum nake roƙon Ubangiji kada ya kai ni ga gwaji, in kai kaina? Na fake da addu'a, amma gaskiya tsoro ne. Tsoron mutuwa nake ji, ina kuwa mutuwa a zaune.

Ran nan matan zumunta suka zo yi mini addu'a. Shugabarmu Mama Hannatu tana ɗaga hannu, sai na ji ɓarrr! Hammatar rigarta ta yage. Ni na ɗinka ta. Allah ya gafarta mini, ana addu'a idona na kan ɗinki! Na tuna sau biyu ina aika mata ta zo gwajin rigar in buɗa mata, ta ƙi.

Sai hawaye. Ashe gwaji iri biyu ne. Akwai na Mugun, mai ja da mutum baya. Akwai na tela, wanda ake yi don kada riga ta matse mai ita. Na ce, "Ya Yesu, kai ka yanka ni, kai ka ɗinka ni. Ka san inda ya matse."

Washegari na dangwala yatsa a takardar likita.

Satin farko jiri ya yi ta kayar da ni, har aka rage ƙwayar. A hankali kumburi ya sauka, numfashi ya dawo. Halleluya!

Ban ce na warke sarai ba. Likita da kansa bai san iya kwanakin da maganin zai riƙe ni ba. Amma tsoron ya tafi.

Na gode wa Allah. Mai jin tsoro a cikinku, ya dogara ga Wanda ya san awonsa. Ku dubi ƙafata, yau da takalmi na hau tudun nan. Mama Hannatu kuwa, jiya ta zo gwaji.