Robar da Ke Cinyewa Duk Damina

A wani garaji kusa da tashar Madarumfa, tsoho Illo na zaune yana kallon motarsa da aka ɗaga. Wani direban Ɗan Issa ya leƙa ƙarƙashinta.

"Baba, robobin ƙafar nan sun cinye. Canza ƙarfen ƙafar gaba ɗaya, ka huta shekara biyar."

"Roba kawai zan sa."

"A hanyar Gabi? Wallahi damina ɗaya za ka dawo!"

"Na sani."

"To, in tsada ce..."

"Ba tsada ba ce, ɗana. Mai ɗakina ta rasu, yara duk suna Legas. Nan kuwa, in na kawo mota, sai in wuni ana hira da ni. In na huta shekara biyar, da wa zan yi magana?"