Ranar da Mahaifata ta Kurmance

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Haleluya!

Sunana Rifkatu, matar Bulus, daga wani ƙauye kusa da Gagarawa. Matan zumunta sun san ni da gaggawa, ko tuwo ba na bari ya huce. To, gaggawar nan ta kusa kai ni kabari tare da 'yar da kuke gani a bayana.

Naƙuda ta kama ni lokacin yankan riɗi. Tana zuwa tana komawa, ni kuwa na ƙosa. Aka kira Iya, ungozomar unguwarmu, tsohuwa mai kirki wadda rabin ƙauyen a hannunta suka faɗo. A wurinmu yanzu, in haihuwa ta yi jinkiri, sai a aika kemis a sayo allurar naƙuda. Aka sayo, Iya ta yi min. Ciwo ya taso kamar za a tsaga ni. Da ya lafa na ce, "Iya, ƙara!" Ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Tun allurar tana aiki har ta koma kamar ruwan randa. Ciki ya yi laƙwas, ƙarfina ya ƙare, abin da ke cikina ya rage motsi.

Iya ta fita ta ce wa Bulus, "Ɗana, wannan ta fi ƙarfina. Nemo mota."

Maƙwabcinmu Malam Sale ya sauke buhunan da ya loda a motarsa, ya kai mu asibiti a Gumel. Allah ya saka masa da alheri!

Likitar ta saurari zuciyar jaririn, ta ji abin da aka yi min, sai ta ce ba sauran allurar naƙuda. Ƙarin ruwa kawai, a jira. Bulus ya fusata. "Haba likita! Mun kawo ta ku taimaka, sai ku ce jira? A yi mata mai ƙarfi mana!"

Ta ce, "Malam Bulus, zauna. A jikin mahaifa akwai ƙananan kunnuwa masu jin saƙon maganin nan. In aka yi ta yi musu ihu ba hutu, wasu sinadarai da ke cikin ƙwayoyin naman, ana ce musu enzayim, sai su sa wa kunnuwan alama, a janye su ciki. Mahaifar matarka ta kurmance. In muka yi shiru, wasu enzayim ɗin za su goge alamar, kunnuwan su dawo. Ina sauraron zuciyar jaririn. In ta canja, tiyata za mu shiga."

Ina kwance ina ji. 'Yan'uwa, na ji tsoro, tsoro na gaske. Ni da ban iya jiran tuwo ba, an ce in jira da ran ɗana a hannu.

Na juya fuskata bango na ce, "Yesu, tun safe ni ke ba da umarni. Yanzu na yi shiru. Kai ka gina jikin nan, ka san inda ka ajiye kunnuwansa. Ka bar min ɗan nan."

Wajen la'asar ciwo ya dawo da kansa, a hankali, yana ƙaruwa. Ban taɓa murna da ciwo ba sai ranar! Jaririyar ta fito, ta tsala kuka. Bayan fitowarta sai jini ya ɓalle min, amma likita ta riga ta shirya wani magani daban, ta ce shi ta wata ƙofa yake bi. Jini ya tsaya. Ku yabi Ubangiji!

Ranar suna Iya ta zo, ta rungumi jaririyar tana hawaye. Ta ce, "'Yata, ni da allurar nan har abada."

Mata 'yan'uwana, kada ku sayo allurar naƙuda a gida, ku tafi asibiti. In kuma Ubangiji ya ce ku jira, ku dogara gare shi, bai manta da ku ba.

Ga ta nan ta farka, za ta cika muku coci da kuka. Ku bar ta ta yi, kukan nan na roƙa. Na gode wa Yesu. Amin!