Injin Mai Hoton Tsuntsu

A rumfar jiran bas, wani dattijo ya gaji da shiru, sai ya miƙa wa manomin da ke gefensa hoton tsohuwar motarsa.

"Ka ganta nan? Irinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Fitilunta ma da abin share ruwa suka zo, a jikin ƙofa kuma akwai ramin ajiye lema."

"Ikon Allah. To Baba, me ya haɗa ka da jiran bas?"

"Yaro man kaza. Ai irin wannan ba hawanta ake yi ba, kallonta ake yi. Injinta silinda biyar ne, da hoton tsuntsu a kansa. Ko bonet ba na buɗewa, kada ƙura ta shiga. Maiɗakina kullum sai mita, wai kaji sun fi ni morarta."

Manomin ya gyara zama. "Tsuntsu mai buɗaɗɗen fiffike? Ai irinsa ne ke ja mini ruwa a lambu, ko tari bai taɓa yi ba."

Dattijo ya yi murmushin tausayi. "Jabu aka sayar maka, ɗana."

"Anya? Wata baiwar Allah ce ta sayar mini bara. Ta ce mijinta goge motar kawai ya iya, har abada ba zai lura ba. Wannan lemar ma ita ta ba ni gyara."

Bas ta iso, manomin ya miƙe. "Baba, ba ka tafiya?"

Idon dattijo na kan lemar.

"Je ka. Akwai abin da zan leƙa a gida."